Abin Da Ya Hana Ta Zuwa Gida

Duk watan Disamba Kafanchan cika take yi. 'Yan Legas da Abuja da na ƙasashen waje kan dawo Kirsimeti, wasu su zauna har bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. A lokacin ne ake fara ƙorafi kan waɗanda ba a gani ba: "Tun da ta auri ɗan Amurka ta manta da gida." Maganar nan tana ci mini rai, domin da yawa cikin yaran nan takarda ce ta ɗaure musu ƙafa.

Idan 'yarku ta yi aure a Amurka da ɗan ƙasa, mijin zai cike fom I-130 don shaida auren, ita kuma ta cike I-485 na neman katin zama na dindindin. Hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ce ke dubawa, jiran kuwa kan ɗauki watanni, wani sa'in ya haura shekara. Galibi wadda ta fita daga ƙasar a tsakanin nan ba tare da izinin tafiya na musamman ba, wanda ake nema da fom I-131, hukuma za ta ɗauka ta yi watsi da buƙatarta. Kuɗi sun bi ruwa, ga miji can ga mata nan. Ko tana riƙe da izinin ma, jami'in filin jirgi ne mai ta cewa ranar komawa.

Ɗiyar yayata ma'aikaciyar jinya ce a Amurka. Tana cikin wannan jira kakarta ta rasu. Aka ajiye gawa a asibiti, kawunnai suna ta bugo mata waya, kullum tana kuka. Ni na je wurin babban kawunta na ce, "Baba, ku binne Mama. In yarinyar nan ta zo yanzu, wataƙila ba za ta koma ɗakinta ba." Ya yi shiru, can ya ce a sa rana. Yarinyar ta kalli jana'izar ta WhatsApp. Akwai izinin gaggawa saboda rasuwa ko ciwo mai tsanani, amma sai an nuna takardar likita ko ta shaidar mutuwa, don haka ita ce ya kamata dangi su fara turawa kafin su fara fushi.

Ganawar da ma'auratan za su yi da jami'in hukumar ma ba wasa ba ce. Tun 1986 dokar Amurka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000 ga mai auren bogi don takarda. Jami'i zai tambayi inda suka haɗu, wa ke biyan kuɗin haya, sunan surukai. In ya yi shakka sai a raba su, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, a gwada amsoshin. A nan ne mu na gida muke da amfani: hotunan kai gaisuwa da biyan sadaki, takardar coci ko ta masallaci ko ta rajista, duk shaida ne. Ku duba rubutun suna da ranar haihuwa su dace da na fasfo, don harafi ɗaya kan jawo tambayoyi. A kuma sani cewa mace ɗaya dokarsu ta sani, mai mata biyu ba zai iya nema wa ta biyun ba.

In auren bai cika shekara 2 ba ranar amincewa, katin wucin gadi na shekara 2 ake bayarwa, sai sun sake kawo shaida. Wadda ke nan gida tana jiran bin miji kuwa, a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas za ta yi ganawarta, ba Abuja ba.

Dokokin kuma ba sa zama wuri ɗaya. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da yawancin bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, Biden ya ɗage a Janairun 2021. Shi ya sa nake roƙon iyaye, kafin ku sa ranar biki ko jana'iza da sunan 'yarku, ku bari ta fara jin ta bakin lauyanta.