Jirgin da Ke Kashe Injinsa a Sama

In rana ta take a Zangon Kumasi, akan ga ungulu tana kewaya sama ba ta kaɗa fiffike. Iskar da ƙasa ta ɗumama ce ke ɗaga ta. Da wannan iskar jirgi marar inji ke shawagi, kuma a Ghana, a 1962 Kwame Nkrumah ya gayyato matuƙiyar nan Bajamushiya, Hanna Reitsch, ta kafa makarantar koyon tuƙinsa a Afienya, kusa da Tema. Cikin jiragen makarantar har da Bergfalke mai kujera biyu, ƙirar Egon Scheibe na Dachau a Jamus.

Wahalar irin wannan jirgi tana wajen tashi. Sai an fizge shi da doguwar waya, ko wani jirgin ya ja shi, ga masu riƙe fiffike da masu turi. In kuma iska ta ƙi, matuƙi ya sauka a gonar mutane.

Don rage wannan wahala, Scheibe ya ɗauki tsarin Bergfalke ya ɗora masa ƙaramin inji da farfela a hanci, ya jera kujerun kafaɗa da kafaɗa don malami ya ga hannun ɗalibinsa. A 1963 jirgin, SF-25 Falke, ya fara tashi. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, fikafikan kuwa katako. Samfuran da suka biyo baya sun yi aiki da injin Volkswagen mai shan iska, marar lagireto, wanda kamfanin Limbach ya gyara don sama. Tsohon makaniken Suame Magazine a Kumasi da ya buɗe shi zai gane kayan cikinsa. Matuƙi ya hau da inji, ya samu iska mai ɗagawa, ya kashe.

Sauƙin bai zo a banza ba. Inji nauyi ne, farfelar da ta tsaya kuma tana tare iska. Duk mita 1 da Falke ya sauko, kimanin mita 22 yake ci gaba, alhali na gasa marasa inji suna haura 40. Shi ya sa a samfurin SF-25E aka tsawaita fikafikai zuwa mita 18, aka yi farfelar da ke juya gefenta ga iska. A ganina, ga makaranta cinikin ya yi riba, har kamfanin Slingsby na Ingila ya ƙera shi da lasisi don horar da matasa.

Reitsch dai ta bar Ghana bayan juyin mulkin Fabrairu 1966.