Kifin Betta: Ga Kyau Kamar Amarya, Ga Faɗa Kamar Zakara

Idan kun taɓa leƙa shagon masu sayar da kifin ado a Legas, Abuja ko Fatakwal, wataƙila kun lura da wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, ja ko shuɗi, mai jela kamar an baza mayafi. Sauran kifaye na cunkushe a tanki guda, amma shi kowanne yana cikin kofinsa shi kaɗai. Yara na ganinsa sai su ƙi gaba. Ku ma sai tausayi ya kama ku, ku ce a haɗa masa da abokai kada kaɗaici ya dame shi. Daga nan rigima ke farawa. Ba a cika kwana uku ba sai yaro ya wayi gari ya tarar da kifi ɗaya ya mutu, ɗayan jelarsa ta yage. Kuɗi sun tafi, ga kukan da za a sha lallashi.

Sunan kifin betta, kuma asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake zaune a gonakin shinkafa da kududdufai marasa zurfi. Kafin 1939 sunan ƙasar Siyam, shi ya sa har yau ake ce masa kifin faɗa na Siyam. Mutanen can sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwonsa don a haɗa maza biyu faɗa ana caca, kamar yadda ake yi da zakaru a wasu ƙasashe, kuma mafi zafin rai ake zaɓa ya yi iri. A 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Faɗan yana da dalili. Namijin betta shi ke gina sheƙa ta kumfa a saman ruwa, shi ke kwashe ƙwai da baki ya saka a ciki, shi kuma ke gadi har su ƙyanƙyashe. Don haka duk abin da ya matso kusa, abokin gaba ne a idonsa. A gonar shinkafa, idan biyu sun kara, wanda ya ji wuya sai ya shige cikin ciyayi, magana ta ƙare. A tankin gilashi ina zai gudu? Zai yi ta shan cizo har ya galabaita, raunin ya ruɓe, ya mutu.

Saboda haka kada ku haɗa maza biyu a tanki ɗaya. Namiji da mace ma ba a barinsu tare, sai masu kiwo da ke haɗa su na ɗan lokaci, su cire macen da zarar ta gama ƙwai. Wasu masu shago za su ce muku mata zalla suna zaman lafiya. Suna iya yi idan suna da yawa a babban tanki mai yalwar ciyayi, amma wannan aikin ƙwararru ne, kuma ko a hannunsu yakan wargaje.

Abu na gaba shi ne girman tankin. Betta ɗaya yana buƙatar kimanin lita 20, wato cikin jarka guda. Wannan tanki nasa ne shi kaɗai, in ya yi yawa ku ƙara dodon koɗi ɗaya na ruwa. Idan kuna son wasu kifaye tare da shi, ku nemi tankin da ya kai lita 40 zuwa sama, mai faɗi, domin tsawon ƙasa ya fi zurfi amfani wajen raba musu wuri.

A zaɓen maƙwabta ne mutane suka fi faɗawa rami, domin ido ke yi musu zaɓe. Namijin guppy, mai launi da doguwar jela, betta yana yi masa kallon kishiya. Gourami danginsa ne, kuma su ma saman ruwa suke so. Tiger barb kuwa shi ne mai cin zalin, yana bin jelar betta yana yagewa, shi kuma nauyin adonsa ba ya barinsa ya tsere. Kifin zinare ya fi son ruwa mai sanyi, ga yawan kashi. Waɗanda suka fi dacewa su ne marasa ƙyalƙyali da ke harkarsu a ƙasa, irin su corydoras, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa da ake ajiyewa garke na biyar ko shida, ko harlequin rasbora mai yawo a tsakiyar ruwa. Duk da haka hali ya bambanta. Wani betta ba ruwansa da kowa, wani ko dodon koɗi sai ya cije masa ƙaho.

Tsarin cikin tankin ma yana rage fitina sosai. Kifin da bai ga abokin gabansa ba, ba zai bi shi ba. Ku cika tankin da ciyayin ruwa, ku saka 'yar tukunyar ƙasa a kwance ta zama kogo. Ku guji furannin roba masu kaifi. Ku fara zuba sauran kifayen su saba da wurin, betta ya shigo daga ƙarshe a matsayin baƙo. Idan shi ya riga su, ku fitar da shi na ɗan lokaci, ku sauya wa kayan ciki wuri kafin ku mayar da shi. Ku sa murfi domin yana tsalle, amma ku bar sarari tsakanin ruwa da murfin, saboda yana da wata gaɓa ta musamman da yake shaƙar iska da ita daga sama. Madubi kuma kada ya zauna a jikin tankin: hoton kansa ma yaƙarsa yake yi har ya gaji.

Kwanaki ukun farko ku sa ido, kuma ga aikin da yara za su ji daɗin yi. Idan ya buɗe marafan gefen kansa ya kumbura sau ɗaya ko biyu ya wuce, gargaɗi ne kawai. Idan kuwa kora ba ta tsayawa, ko wani kifi ya maƙale a kusurwa ya daina cin abinci, ko kuka ga jela a yage, ku raba su a ranar. Kafin ma ku kawo su gida, ku tanadi wani mazubi mai tsabta da murfi, ko allon raba tanki wanda ba a hango bayansa.

Akwai kuma namu na gida. Idan aka ɗauke wuta, matacin ruwa ya tsaya, betta zai hau sama ya sha iska, amma yawancin maƙwabtansa ba su da wannan gata, kuma tanki mai cunkoso shi ke fara lalacewa. Yana son ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, don haka a sanyin hunturu, musamman a Jos, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, sai an sa masa hitar tanki. Ku riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, kuma idan na famfo ne ku sa maganin cire kulorin. Wanda duk ya tsoma hannu a tankin ya wanke da sabulu, mai ciwo a hannu kuma kada ya taɓa, domin ruwan kifi yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu shiga ta rauni.

Idan gidanku ba ya da tabbacin wuta, ko tankin bai kai lita 40 ba, shawarata ku bar shi shi kaɗai. Kaɗaici ba ya damunsa. Da kulawa zai yi shekara biyu zuwa huɗu, kuma cikin 'yan makonni zai fara tasowa gaban gilashi idan ya hango mai ba shi abinci.