LISSAFIN DA KE HASKA CIKIN MAJINYACI

Ɗalibin da ke fama da darasin lissafi a harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Yelwa, a Bauci, ba lalle ne ya san cewa da irin wannan lissafi likita ke gano ciwon daji a cikin ƙashi ba. An kafa jami'ar a 1980 don koyar da fasaha, ta sami sunanta na yanzu a 1988.

Ga yadda abin yake. Ana yi wa majinyaci allurar wani sinadari mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, watau teknishiyam. Na'ura ta riƙa kewaya shi tana ƙirga hasken ta kowace fuska. To, amma abin da ta tara ba hoto ba ne tukuna. Misalinsa mutum ne ya zagaya dangar gida da dare yana hangen hasken fitila ta ɓulolin zana, aka ce ya faɗi inda fitilar take. Kwamfuta ke wannan aiki.

Tun 1917 wani masani ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya shimfiɗa ƙa'idar, tun ba a san amfaninta a asibiti ba. Hanyar da aka fara bi tana da sauri, sai dai in hasken ya yi ƙaranci hoton kan fito da zane-zane, har ƙaramin ƙari ya ɓuya. A 1982 Shepp da Vardi na Amurka suka kawo wata dabara mai kama da ciniki a Kasuwar Wunti: kwamfuta ta taya, ta gwada da abin da na'ura ta ƙirga, ta gyara, ta sake tayawa, har su daidaita. Kyau kam akwai, amma da jan lokaci. Hudson da Larkin na Ostareliya suka gaggauta ta a 1994, da suka kasa ƙirgan kashi-kashi.

A Nijeriya an buɗe cibiyar irin wannan awo a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2006, akwai kuma wata a Asibitin Ƙasa na Abuja. Ƙarfin teknishiyam yana raguwa da rabi kowace awa 6. Saboda haka in majinyaci ya taso daga Yelwa da kuɗin da dangi suka harhaɗa, hoto kuwa ya fito dishi-dishi, sai a sa masa wata rana, a sake allura, ya sake biyan mota da masauki.