Motar lantarki ta ƙi shan caji: Inda matsalar ke ɓuya da yadda ake gano ta

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin masu ababen hawa a Najeriya ya sauya. Motar lantarki, wadda a da ake yi wa kallon kayan baje koli, ta fara ratsa titunan Abuja, Legas da Maiduguri. Tun kafin lokacin an soma share mata fage: kamfanin Stallion ya haɗa Hyundai Kona mai amfani da lantarki a Legas, Hukumar NADDC kuma, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021.

Sai dai wanda ya tsere wa layin gidan mai yakan ci karo da wata sabuwar damuwa. Zai jona motarsa da daddare, ya wayi gari batir na nan inda ya bar shi. Ga ma'aikaci, makara ce. Ga direban haya kuwa, cinikin yini ne ya tafi. Abin da ya fi wannan muni shi ne gaggawar kai motar wurin bakaniken da bai san kanta ba, a kwance abin da lafiyarsa ƙalau, a jawo asarar da ta ninka ta farko. Sau da yawa laifin ba ya cikin motar, yana jikin bangon gida ne.

Mota da caja sai sun yi sallama

Cajin mota ya bambanta da jona dutsen guga. Wutar gida irin mai kai da komowa ce, batir kuma ba ya karɓar irinta sai an miƙar da ita. Na'urar da ke wannan aiki tana cikin motar kanta. Akwatin da ke jikin waya ko wanda aka kafa a bango mai gadi ne kawai: shi ke duba lafiyar wutar, ya shaida wa motar iya abin da za ta ja, sannan ya buɗe hanya.

A tsarin Turai da na Amurka, wata siririyar waya ce ke ɗauke da wannan zance. Idan ba a jona komai ba, tana ɗauke da bolt 12. Da zarar an soka bakin caja a mota, sai ya sauka zuwa 9. In motar ta shirya karɓa, ya koma 6, a nan ne wuta ke fara gudana. Duk abin da ya katse wannan gaisuwa, ko ƙura ce, ko lanƙwasasshen ƙarfe, ko bakin da bai zauna daram ba, to caji ba zai soma ba. Saboda haka ƙin caji galibi alama ce ta cewa na'urar kariya ta ga abin da ba ta yarda da shi ba.

Wutar gida da wayar ƙasa

Ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne, amma duk wanda ya zauna a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta ya san yadda ƙwai ke dushewa da magariba. Cajoji da dama na katse aiki idan wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima. Yawancin na bango da aka ƙera domin kasuwar Birtaniya, alal misali, suna tsayawa da zarar wutar ta sauka ƙasa da bolt 207 ko ta haura 253. Idan caji na katsewa a lokaci guda kowace rana, musamman da yamma, a sa mai gyaran wuta ya auna soket ɗin a daidai wannan lokaci, yayin da motar ke ja.

Na biyu shi ne wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke haɗe da sandar ƙarfe da aka binne. A gidaje da yawa an ja ta ne don cika ido, ko kuma sandar ta yi tsatsa, ko ƙasar da ke kewaye da ita ta bushe ƙayau da rani. Firiji da talabijin ba su damu ba, amma cajar mota tana bincika wannan waya, kuma in ba ta same ta ba sai ta kunna jar fitila ta yi shiru. Wasu kan yi dabarar yaudarar cajar don ta ɗauka wayar na nan. Wannan wasa ne da rai, domin jikin mota ƙarfe ne, kuma ranar da wuta ta zille, ta jikin wanda ya taɓa ƙofa za ta nemi hanyar ƙasa. Maganin shi ne a binne sabuwar sanda, a auna ta, a kuma sa makunnin kariya mai yanke wuta idan ta fara yoyo.

Akwai kuma soket ɗin kansa. An ƙera na gida mai baki uku ne don ɗaukar ampiya 13, amma ba don ya kwana yana ɗauke da kaya mai nauyi ba. Idan ya yi zafi, ko ya yi baƙi-baƙi, ko ana jin ƙaurin roba, a dakata nan take. Wasu cajoji na da ma'aunin zafi a cikin fuloginsu, shi ya sa suke rage gudu ko su tsaya. Doguwar wayar ƙari ta kasuwa kuwa hanya ce ta gayyato gobara.

Lissafin da ke kama da lalacewa

Wani lokaci babu abin da ya lalace, lissafi ne bai fita ba. Cajar hannu da ke jan ampiya 10 tana ba da kilowat 2.3. Babban batirin Kona na ɗaukar kilowat-awa 64, wato cika shi daga ƙasa ta wannan hanya zai ci kusan awa 30. Idan an ɗauke wuta bayan awa uku da jonawa, abin da ya shiga bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ko masu rukunin Band A, da aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, ba su tsira daga ɗaukewar wuta ba. Wasu cajojin ma ba sa ci gaba da kansu bayan wuta ta dawo, sai an zare an sake jonawa.

Janareta ma yana da nasa sharuɗɗan. Mafi ƙarancin abin da tsarin caji ya amince mota ta ja shi ne ampiya 6, kimanin kilowat 1.4, alhali ƙaramin janaretan nan da ya cika shaguna bai kai kilowat ɗaya ba. Wanda ya fi shi girma kuma yakan gaza saboda ba a haɗa masa wayar ƙasa yadda ya dace ba, ko don wutarsa na rawa. Haka nan inbatar gida mai batura biyu masu bolt 12 da ampiya-awa 200 ba ta riƙe ko kashi ɗaya cikin goma na abin da batirin Kona ke ɗauka.

Kowace ƙasa da bakin cajarta

Motocin da ke shigowa Najeriya daga kasuwanni daban-daban suke, kuma kowace da irin bakinta. Na Turai na amfani da Type 2 da CCS2. Yawancin na Amurka na zuwa da J1772 da CCS1, ban da Tesla mai nata na daban. Tsofaffin samfuran Nissan Leaf na amfani da CHAdeMO wajen cajin gaggawa, motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin kuma suna da GB/T. Mahaɗin da ke sauya baki zuwa baki yakan yi aiki a cajin gida, amma a tashar gaggawa sai an fassara harshen da na'urorin ke magana da shi, kuma a nan ne mahaɗai masu araha ke ba da kunya.

Masu motocin hannu daga Amurka na da ƙarin abin lura. Wasu wayoyin caji da ke zuwa tare da su na bolt 120 ne kaɗai. Jona irin wannan a soket ɗin Najeriya na iya ƙona ta nan take, don haka a karanta rubutun da ke jikin akwatin kafin a kusanci bango.

Ƙaramin batir, zafi da ƙura

Motar lantarki ma tana da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na sauran motoci. Shi ke tayar da kwamfutocinta, shi ke rufe manyan makunnan da ke sada babban batir da caja. In ya yi sanyi, motar za ta ƙi caji ko ta cika allo da gargaɗi iri-iri, ko da babban batirin lafiya lau yake. Zafin rana na saurin kashe shi, kuma auna shi aikin minti biyar ne. A 2024 kamfanonin Hyundai da Kia sun kira wasu motoci irin su Ioniq 5 da EV6 gyara, saboda tangarɗa a na'urar da ke caja wannan ƙaramin batir. Wanda ya sayi irinsu na hannu ya kamata ya bincika da lambar jikin motar ko an yi mata wannan gyara.

Zafi kuma na rage gudun caji. A Sakkwato da Maiduguri ma'aunin zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, kuma idan batir ya ɗau zafi, kwamfutar motar na rage abin da take karɓa don kare shi. Abin ya fi bayyana a tsofaffin samfuran Nissan Leaf, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya. Caji a inuwa ko cikin dare na rage wannan. Haka kuma raguwar gudu bayan kashi 80 a tashar gaggawa tsari ne da aka yi da gangan.

Da hunturu, ƙura kan taru a ramin caji ta hana ƙaramin sakatan da ke kulle bakin caja shiga. A kashe komai, a hure ramin da iska, kada a soka masa ƙarfe ko a zuba ruwa. Idan bakin ya maƙale, yawancin motoci na da igiyar sakin gaggawa, kuma littafin motar ya nuna inda take.

Daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Gwanaye kan fara ne da abin da ba ya cin ko kwabo. A duba allon mota ko an saita lokacin caji ko iyakar kashin da za ta tsaya, domin motocin hannu kan zo da saitin tsohon mai su, har da agogon ƙasar da suka baro. A zare baki, a kulle motar, a jira 'yan mintuna, a sake jonawa har a ji ya kama. A karanta ma'anar fitilun caja. Daga nan a gwada motar a wata cajar, a kuma gwada wata motar a wannan cajar. Idan ta karɓi cajin gaggawa amma ta ƙi na gida a ko'ina, zargi ya koma kan na'urar miƙar da wuta da ke cikinta, domin tashar gaggawa ba ta bi ta kanta.

A nan ne aikin mai mota ya ƙare. Wayoyi masu launin ruwan lemo da ke ƙarƙashin motar na ɗauke da bolt 400 ko kusa da haka, wasu ma 800, kuma ko an kashe motar haɗarin bai gushe ba. Taɓa su sai wanda ya samu horo na musamman, mai safar hannu ta kariya da kwamfutar karanta lambobin matsala. Irin waɗannan ƙwararru har yanzu ba su da yawa a ƙasar nan, kuma kafin a biya kuɗin motar lantarki, ya kamata mai saye ya san irin bakin cajarta, lafiyar wayoyin gidansa, da wurin da zai kai ta ranar da ta ƙi shan caji.