Husufin wata: Shin alama ce ta mutuwar wani babba?

A daren 27 ga Yulin 2018, jama'a a sassan Najeriya sun fito ƙofar gida suna kallon wata ya yi jawur. Ya shafe sa'a ɗaya da minti 43 cikin cikakken husufi, mafi tsawo a wannan ƙarnin.

A ƙasar Hausa akan ce rana ce ta kama wata, shi ya sa yara ke zaga unguwa suna buga gwangwani, suna roƙon ta sake shi. Masu duba da lissafin taurari kuwa kan fassara shi da mutuwar wani babba, ko fari, ko fitina.

Danganta husufi da halin mutane ya taɓa jawo ɓarna. A Janairun 2001, wasu matasa a Maiduguri sun ƙona otal-otal da mashayu, suna cewa zunubin da ake tafkawa a wuraren ne ya jawo shi.

Masana sararin samaniya sun ce duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Don haka ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma ana lissafa ranarsa tun shekaru kafin ya zo.

Malamai ma na tunatarwa cewa an yi husufin rana ranar da Ibrahim, ɗan Annabi (SAW), ya rasu, amma Annabi ya bayyana cewa ba mutuwar kowa ke jawo husufi ba, ya umarci a yi sallah.

Ga mai son kallo, husufin wata ba ya cutar da ido, saɓanin na rana.