Ƙwayar Sanƙarau: Yadda Take Da Yadda Ake Gano Ta

Daga hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura da zafi, iyaye a Bodinga da Shagari kan shiga fargabar sanƙarau. Suna da dalili. Annobar 2017 da ta taso daga Zamfara ta shigo jihar Sakkwato, ta ɗauki rayuka da yawa.

Ƙwayar bakteriya ce ke haddasa ta, likitoci na ce mata Neisseria meningitidis. Ido ba ya ganin ta. Tana lulluɓe da wani kwanso da ke kare ta daga garkuwar jiki, kuma da kwanson ake rarrabe ire-irenta. Rigakafin MenAfriVac ya karya lagon nau'in A, sai nau'in C ya haddasa annobar 2017.

Gubarta a fatarta take. Idan ta bazu cikin jini, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi, tabo ya feso a jiki, mutum ya galabaita cikin awanni. Wannan ya bambanta ta da ƙwayar kwalara, wadda ke fitar da gubarta cikin hanji.

Don gano ƙwayar sanƙarau, likita kan ɗebi ruwa daga gadon baya. Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau kuwa gurɓatacce. Sai a rina shi bisa dabarar da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, a ga ƙwayoyin bibbiyu, jaja-jaja, a madubin likita.

Tsaga da turare ba sa kashe ta. Allurar ceftriaxone ke kashe ta. In yaro ya kamu da zazzaɓi, wuyansa ya sandare, kada a bari ya kwana gida.