Rediyo da Ci Gaban Al'umma a Jalingo

Idan ka shiga babbar kasuwar Jalingo ka kasa kunne, za ka ji harsuna iri-iri: ga Mumuye, ga Fulatanci, ga Jukun, ga Tibi. Amma da an zo ciniki tsakanin waɗanda ba su jin harshen juna, sai a koma Hausa. Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, tana cikin jihohin da suka fi yawan ƙabilu a Nijeriya. To, ta yaya saƙo ɗaya zai isa kunnen dukan waɗannan mutane?

A da, wannan aikin sankira ne. Idan Sarkin Muri yana da umarni, sai mai shela ya bi unguwa-unguwa yana sanarwa, muryarsa kuwa ba ta wuce inda ƙafarsa ta kai. Yau kafofin watsa labarai sun gaje shi. A Jalingo akwai gidan rediyon jiha, wato TSBS, da gidajen talabijin na TTV da NTA. Daga cikinsu rediyo ce ta fi shiga ƙauyuka, domin ba ta jiran wutar lantarki, ba ta kuma tambayar ko ka iya karatu. Manomin doya a Zing yakan rataye ta a reshe, yana huɗa yana sauraro.

Dubi abin da ya faru a daminar 2012. An saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke ƙasar Kamaru, Kogin Binuwai ya cika ya batse, ya cinye gidaje da gonaki. Ruwan Lagdo ba ya isowa Taraba nan take. Sai ya ratsa Jihar Adamawa kafin ya kai Lau da Karim Lamido, sannan Gassol da Ibi. Wannan ɗan jinkiri shi ne ran mutane. Idan gargaɗi ya riga ruwa isa, masunci zai ɗaure kwalekwalensa, makiyayi ya kora shanunsa kan tudu, uwa ta kwashe 'ya'yanta. Sai dai gargaɗin da aka karanta da Turanci kaɗai, tamkar ba a yi shi ba ne ga wanda ba ya jin Turanci. Shi ya sa fassara sanarwa zuwa Hausa da sauran harsunan jihar ba ƙaramin aiki ba ne.

Zuwan wayar salula a 2001 ya ƙara wani abu: mai sauraro ya sami baki. Yanzu yana iya buga waya cikin shiri ya ce famfon unguwarsu ya lalace, ko asibitinsu babu magani. Gaskiya ne, gidan da gwamnati ke ciyarwa yakan yi nauyin baki wajen faɗa mata laifinta, amma ko hakan ya fi shiru.

Wayar nan kuma tana da nata sharri. A watan Agustan 2014, saƙo ya bazu cikin dare a faɗin Nijeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna hana kamuwa da cutar Ebola. Jama'a da yawa suka bi, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Sai da likitoci suka shiga gidajen rediyo da talabijin suna ƙaryata zancen kafin hankula su kwanta.